Sharhi kan gandun renon itatuwa na wata ƙungiyar manoma a ƙasar Daura

Damina uku ke nan ina hulɗa da wani gandun renon itatuwa da ƙungiyar manoma ke gudanarwa a wani ƙauye da ke arewa da Daura, dab da iyakar Nijar, kuma na jinkirta wannan rubutu da gangan, domin damina ɗaya ba ta isa a yanke wa mai sayar da dashe hukunci ba. Abin da ya kai ni wurinsu shi ne gonar gadonmu, wadda iska ta yi ta kwashe mata ƙasar sama har gero ya daina yin zangarniyar kirki. Na tafi da kuɗina a aljihu da niyyar sayen darbejiya da turare masu yawa, irin waɗanda muka saba gani ana rabawa a gangamin dashen itatuwa.

Dattijon da ke kula da gandun ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "Malam, riƙe kuɗinka tukuna, mu je mu taka gonar, domin mai yiwuwa itatuwan da kake nema suna nan ƙarƙashin ƙafarka." Na ce masa: "Baba, ai gonar fayau take, ko sandar kiwo ba za ka samu ba." Kwana biyu bayan haka ya zo da adda da tsummoki, muka bi gonar kunya kunya, yana nuna mini kututturan sabara da kalgo da gawo da magarya da aduwa waɗanda ƴan ƙodago ke sarewa duk bazara lokacin sassabe. A kan kowane kututture yakan zaɓi tofo uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ya datse sauran, ya sassabe rassan ƙasa yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage, sannan ya ɗaura tsumma alamar cewa wannan itace na da mai shi. Wannan ziyara ita ce mafi daraja cikin duk abin da na biya, alhali ladarta bai kai kuɗin dashe ashirin ba.

Wannan dabara ita ce manoman Maraɗi ke kira sassabin zamani, kuma dattijon bai ɓoye cewa a can ya koyo ta ba. A 1983 ne Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostareliya da ya gaji da ganin dashensa na mutuwa a yankin Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsirran da ke warwatse a gonaki tofon tsofaffin itatuwa ne masu saiwa da rai, waɗanda suka riga suka kai ga danshin ƙasa. Bayan yunwar 1984 manoma suka karɓi abin, suka yi ta koya wa juna, har binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam ya ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5 a Nijar, akasari a Maraɗi da Damagaram. Wanda ya san gawo ba zai yi mamakin son da manomi ke yi masa ba, tun da yana kakkaɓe ganyensa da damina ya bar wa gero rana, ya yi kore da rani, ƴaƴansa kuma su ciyar da dabbobi a lokacin da ciyawa ta ƙare.

Dashen da na saya a ƙarshe kaɗan ne, ɗorawa da kuka da tsamiya da kanya, wato irin waɗanda ba su da sauran kututture a gonar. A nan ma na ga wani abin yabo. Ƙasar da suke cika leda da ita sukan haɗa ta da ɗan abin da suka ɗebo daga gindin tsofaffin itatuwa masu lafiya, kuma dattijon ya ce tun daga iyayensa ya ji cewa ƙasar gindin babban itace na da albarka. Kimiyya tana da bayani a kan haka. A cikin irin wannan ƙasa akwai wani naman gwari mai zare siriri ƙwarai, wanda masana ke kira maikoriza, da ke shiga saiwar tsiro ya miƙa cikin ƙasa nesa da inda saiwar ke iya kaiwa, yana jawo mata sinadarin fosfaras da ruwa, ita kuma tana ba shi sukarin da ganye ya haɗa. Ƙasar jigawa irin tamu talaka ce wajen fosfaras, saboda haka dashen da ya bar gandu da wannan abokin zama ya fi wanda aka rena a yashi tsantsa damar kamawa. Wannan ne kuma ya sa na daina ƙona gindin sabara, domin saiwar da ke raye duk rani ita ce ke riƙe wannan zare har shuka ta zo ta same shi.

Sai dai a nan ne nake da ƙorafi na farko. Wani matashi a ƙungiyar, mai himma da son aikin, yakan gaya wa masu saye cewa itatuwa na hira da juna ta wannan zare, har uwa na shayar da ƴaƴanta. Maganar ta samo asali ne daga binciken wata masaniyar itatuwa, Suzanne Simard, a dazuzzukan Kanada, wanda aka buga a 1997, amma a 2023 wasu masana sun sake bin hujjojin suka nuna cewa an zuzuta abin fiye da yadda gwaji a daji ya tabbatar. Daji mai sanyi na Kanada kuma daban yake da gonar gero. Abin da aka tabbatar ya isa ya gamsar da manomi, ba ya bukatar ƙarin gishiri.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Wasu dashen sun daɗe a leda har saiwarsu ta naɗe, kuma galibin waɗanda suka mutu mini daga cikinsu ne. Bayan haka, ƙungiyar ba ta da wani tsari na kare itace da rani, lokacin da ake sakin awaki kuma masu neman makamashi ke yawo da gatari. Tsumma ba ya hana akuya, kuma ni kaina sai da na yi asarar tofon gawo da dama a ranin farko kafin na kewaye su da ƙaya, na kuma zauna da mai unguwa da makiyayan da ke ratsa wurin muka yi yarjejeniya. A ƙauyen Ɗan Saga, cikin ƙasar Agye ta yankin Maraɗi, manoma sun kafa kwamitin sa ido da ya haɗa da mata da makiyaya, kuma a 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya rena a gonarsa. Da ƙungiyar nan za ta kwaikwayi wannan ɓangare kamar yadda ta kwaikwayi datsa, da aikinta ya cika.

Yau sabara da kalgon da aka bari sun wuce tsayina, iyalina na samun itacen girki daga rassan da muke datsewa, yashi kuma ya fara taruwa a gindinsu tare da ganye da kashin dabbobi. Wanda zai nemi ƙungiyar ya je tun kafin ƴan ƙodago su shiga sassabe, ya buƙaci a taka gonarsa kafin a yi cinikin dashe, kuma ya yage leda ɗaya a gabansu ya duba saiwar kafin ya loda sauran a amalanke.