Bututu ɗaya mai inci 4, ko biyu masu inci 2?

Ɗan uwa da ke tambayar ko bututu biyu masu inci 2 za su kwashe ruwan rufin gida kamar guda ɗaya mai inci 4: ɗauki mai inci 4, kada ka tsaya wata-wata.

Biyu da biyu huɗu ne a faɗi, amma ruwa ba faɗi yake bi ba, filin bakin bututun yake bi. Ga yadda ake auna filin da'ira: ka raba faɗin gida biyu, ka ninka rabin da kansa, sannan ka ninka da 3.14. Mai inci 2 rabinsa 1 ne, filinsa murabba'in inci 3.14, guda biyu 6.28 ke nan. Mai inci 4 rabinsa 2, biyu sau biyu huɗu, sau 3.14 ya ba ka 12.56. Wato sai ka jera ƙananan guda huɗu kafin su kamo babban. Duk lokacin da faɗi ya ninka biyu, fili huɗu yake ninkawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne kewayen. In ka zagaya ƙananan biyu da zare, ka zagaya babban, tsawon zaren ɗaya ne. Jikin da ruwa zai goga iri ɗaya, amma ƙofar rabi ce. Saboda haka a aikace ƙananan ko rabin aikin babban ba sa kaiwa, gugar jikin bututun tana rage musu gudu.

Mai inci 4 ne a bayan ɗakina. Ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, na tsaya ina kallonsa yana aman ruwa haɗe da busassun ganye, har da wata leda da iska ta jefo kan rufi, bai ko shaƙe ba, bangon kuma a bushe. Ƙananan dai suna da sauƙin ɓoyewa a jikin bango, iyakar abin da zan ce musu ke nan.

Sai dai ba kullum babba ke ci ba. Da masu inci 3 ne guda biyu, filinsu ya haura 14, sun ɗara babban a lissafi. Ka riƙa bugawa, kada ka bar wa ido hukunci.

Ka kuma je da tef ɗin awonka. Akwai masu sayarwa da ke auna bayan bututu har da kaurin jikinsa su ce maka inci 4 ne. Cikin za ka auna, daga gefe zuwa gefe ta tsakiya. In ka samu inci 3 da rabi, filin ya dawo wajen 9.6, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi a kan rabin inci kacal. Wanda ya hana ka aunawa, bar masa kayansa ka yi gaba.