Rak na biyu ko dogon ɗan gaba? Melbourne ta gwada duka biyun

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce: idan ƙungiya a AFL, babbar gasar ƙwallon Ostireliya, tana da gwanin rak guda ɗaya, kuma gurbin dogo ɗaya ya rage mata, wa ya kamata ta ɗauka? Wani rak na gaske, ko dogon ɗan gaba wanda zai iya karɓar tsallen tsakiya idan ta kama? A ganina dogon ɗan gaba ne, in dai maganar waɗanda za su shiga fili ranar wasa ake yi. Bari in jera maka misalai ka duba da kanka.

Ga waɗanda ba su saba da ƙwallon Ostireliya ba, rak shi ne dogon da ke tsalle ya maro ƙwallo zuwa ga 'yan tsakiyarsa duk lokacin da alƙalin wasa ya jefa ta sama, ko aka jefo ta daga bakin layi. Tun 2017 doka ta hana mutum na uku shiga wannan tsalle, kowace ƙungiya mutum ɗaya take tsayarwa. To komai gwanintar rak ɗinka na biyu, duk lokacin da ɗaya yake tsalle, ɗayan yana wani wuri, ko a gaba ko a benci. Benci kuwa ba wurin ajiya ba ne, sauyi 75 kawai aka yarda a yi a wasa ɗaya. Abin dubawa ke nan: me dogon nan na biyu yake tsinanawa a lokacin da ba shi ne ke tsalle ba?

A 2021 Melbourne tana da Max Gawn, kyaftin kuma rak na farko, tare da Luke Jackson, yaro ɗan shekara 19 da ya taso a ƙwallon kwando. Jackson ya fi zama a gaba, yana da gudu, kuma idan ƙwallo ta faɗo ƙasa bai zama kaya ba, yana binta kamar ɗan tsakiya. A wasan ƙarshe a Perth, Western Bulldogs ta ba su ratar maki 19 a zango na uku. Sai aka bar Jackson a tsakiya, Gawn yana kallo daga benci, ƙwallayen Melbourne suka riƙa shiga a jere, wasu kai tsaye daga tsallen tsakiya. Aka tashi 140 da 66, kofin farko da Melbourne ta ɗaga tun 1964. Kar kuma a manta, a wasan da ya kai su can, Gawn da kansa ya zura wa Geelong ƙwallo biyar. Kowannensu yana da abin yi idan ɗayan ya karɓi tsakiya.

Jackson ya koma Fremantle a ƙarshen 2022, sai Melbourne ta ɗauko Brodie Grundy daga Collingwood, wanda sau biyu ya shiga jerin gwanayen ƙasar, a 2018 da 2019. A takarda wannan ya fi na 2021 nesa ba kusa ba. Da Gawn ya ji rauni a gwiwa a mako na biyu, Grundy ya riƙe tsakiya shi kaɗai, kuma ya yi kyau sosai. Matsalar ta fito ne bayan da Gawn ya dawo. Ƙarfin Grundy shi ne ya yi ta bin wasa daga cunkoso zuwa cunkoso har abokin karawarsa ya gaji. Idan ka tsayar da shi a gaba yana jiran a bugo masa ta sama, ka cire masa abin da ya sa ka saye shi. Shi ma Gawn rabon ya rage masa kaifi. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. A watan Yuli aka mayar da Grundy ƙaramar ƙungiyarsu, Casey, wai ya koyi wasan gaba, kuma ko wasa ɗaya bai buga ba a zagayen neman kofi.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni hujja. A wasansu da Collingwood a wannan zagaye na 2023, Melbourne ta kai ƙwallo cikin da'irar mita 50 ta gaba sau 69, Collingwood sau 37, amma Melbourne ce ta sha kashi da maki 7. Mako na gaba Carlton ta fitar da su da maki 2, bayan sun ci ƙwallo 9 sun ɓarar da 17 a gefe. Samun ƙwallo a tsakiya bai taɓa zama ciwonsu ba. Ciwonsu mai cafke ta a gaba ne, ga Harrison Petty da Jake Melksham duk suna jinya. Grundy ya tafi Sydney, inda ya zama rak na farko ba tare da kishiya ba, kuma suka kai wasan ƙarshe a 2024.

Za ka ce ai an ci kofi da rak biyu. Haka ne. West Coast ta yi a 2018 da Scott Lycett da Nathan Vardy, amma tana da Josh Kennedy da Jack Darling a gaba, ba ta jiran ƙwallaye daga wajen rak. Collingwood ta yi a 2023 da Darcy Cameron da Mason Cox, Ba'amurken nan ɗan Texas mai tsawon santimita 211. Sai dai su biyun duk sun daɗe suna buga gaba, Cox ma shi ne ya zura wa Richmond uku a wasan kusa da na ƙarshe a 2018. A wurina waɗannan sun fi kama da Gawn da Jackson fiye da Gawn da Grundy.

Richmond ta 2017 kuwa can ɗaya gefen ta tafi. Toby Nankervis kaɗai ne rak, idan ya fita hutu sai Shaun Grigg, ɗan tsakiya, ya tsaya. Sun san za a riga shi taɓa ƙwallon, sun yarda, suka zuba ƙananan 'yan gaba masu matsi kewaye da Jack Riewoldt, suka doke Adelaide da maki 48. Wannan caca ce da ba kowa zai iya ba, kuma su kansu a 2019 sun koma rak biyu.

Inda zan ja maka kunne shi ne, jerin 'yan wasan ƙungiya daban, waɗanda ake fitarwa ranar wasa daban. A jerin mutum 40 da 'yan kai, dole ka ajiye rak na gaske wanda ya balaga a wasa, ko da zai shafe kaka yana buga wa ƙaramar ƙungiyarku. Dogaye ba sa nuna da wuri, yaron da ka ɗauka bana ba zai cece ka baɗi ba. Brisbane ta ga amfanin haka a 2024: rak ɗinsu na farko, Oscar McInerney, ya goce a kafaɗa mako ɗaya kafin wasan ƙarshe, aka kira Darcy Fort, Joe Daniher yana karɓarsa daga gaba, suka lallasa Sydney da maki 60. Irin Fort ba ya cin kaso mai yawa daga iyakar albashin da hukuma ta ƙayyade, irin Grundy kuwa yana ci, har sai da Collingwood ta ci gaba da biyan wani ɓangare na albashinsa bayan ya bar ta.

Abu ɗaya zai iya sauya lissafin nan. Daga kakar 2026 an soke ɗan canji na musamman, benci ya koma mutum biyar da za a iya juyawa, don haka ɗaukar dogo na ƙari bai kai tsadar da ba. Duk da haka mutum ɗaya ne ke tsalle, kuma Fremantle, mai rak Sean Darcy da Jackson ɗin nan dai, ita ce wadda zan sa wa ido.