Wata takwas bayan aikin dasashi: abin da ya gyaru da abin da bai dawo ba

Wajen alwalar asuba na fara lura da abin. Duk sanda na kurkure baki sai in tofar da ruwa ja-ja, aswakin darbejiyata ma haka, kansa jini. Na fi shekara 3 ina cewa zafi ne. Na kurkura ruwan gishiri, na dirza gawayi, na danna kanumfari. Uwargida ce ta fara gaya mini gaskiya, ta ce, "Malam, bakin nan fa ya fara tashi, kuma haƙoranka na ƙasa kamar sun ƙara tsawo." Da na duba madubi sai na ga dasashin ne ya janye ya bar saiwa a waje.

A ƙauyenmu na ƙasar Gaya, in haƙori ya dame ka abin da aka sani shi ne a cire. Ni kuwa ba ɗaya ne ke ciwo ba, balle in ba da shi in huta. Sai na sayar da ɗan akuya na shiga Kano, wani asibitin haƙori da ke da likitan dasashi.

Abin da ya fara burge ni awon ne. Likitar ta ɗauki wani siririn ƙarfe mai zane-zane kamar rula, tana zura shi tsakanin haƙori da dasashi tana faɗin lamba, wata na rubutawa. Ta ce lafiyayyen dasashi zurfinsa milimita 1 zuwa 3 ne. Nawa a turame ya kai 5, wani wurin 6. A cikin wannan ramin ƙwayoyin cuta ke zama, dattin ya daskare ya zama tsatsa, kumburin ya riƙa cin ƙashin da ke riƙe da haƙori a hankali, ba tare da wani zafin kirki ba. Hoton da aka ɗauka ya nuna ƙashin haƙoran gaba na ƙasa ya riga ya zaizaye. Ta kuma sa aka gwada mini suga, don ciwon suga da ciwon dasashi suna ƙara wa juna ƙarfi.

Kankarar tsatsar an yi ta a zama biyu, kowane gefe da ranarsa, bayan allurar kashe zafi. Na'urar tana tsuwa tana fesa ruwa, sannan a bi da ƙarafan hannu a goge saiwar har ƙasan dasashi. Da ma ana ta tsorata ni cewa wankin haƙori yana sa gibi, yana sa haƙora girgiɗi. Gibin na gan shi kam, amma na ga ɓarɓashin da aka ciro, baƙi ƙirin kamar ƙanzo: tsatsar ce ta cike gurbin naman da ya tafi tun tuni. Mako biyu ruwan randa yana tsirga mini har ka. Ruwan kurkurar da aka ba ni, Chlorhexidine, yana dusashe ɗanɗano, kuma yana rina haƙori in an daɗe a kansa, shi ya sa aka ce kada in wuce mako biyu. Kafin wata guda jinin alwala ya tsaya cak, warin ya tafi. Da aka sake awo, yawancin ramukan sun koma 3 da 4.

Inda na so a ce an zaunar da ni tun ranar farko shi ne batun naman da ya janye. Ni na ɗauka zai tsiro. Sai a zuwa na uku na tambaya, ta ce, "Malam, dasashin da ya janye ba ya komawa da kansa, sai dai a dasa." Ta bayyana cewa ana yanko ɗan nama daga ganda, wato rufin baki, a ɗinke shi a kan saiwar da ta fito. Amma yana rufewa sosai ne kawai in ƙashin da ke tsakanin haƙoran yana nan. Fiƙata ta sama ta cancanta, na gaban ƙasa kuwa lokaci ya ƙure musu.

Akwai kuma dabarun farfaɗo da ƙashi a wasu irin ramuka: garin ƙashi da ake cusawa, da ɗan mayafi da ake shimfiɗawa a kai, da wani magani mai kauri da ake kira Emdogain. Na tambayi asalinsu, kuma ina ganin ya kamata kowane Musulmi ya tambaya, don Emdogain daga haƙoran 'ya'yan alade ake samo shi, mayafin ma wasu na alade ne, wasu na shanu, wasu haɗin masana'anta. Ba ta ɓoye mini komai ba, kuma nawa aikin bai buƙace su ba.

Dashen fiƙar bai fi awa guda da 'yan mintuna ba. Gandar da aka yanka ta fi wurin dashen raɗaɗi, kamar ka ƙone da kunu mai zafi. Kwana 10 ina kan fura da nono da koko mai sanyi, ba tuwo, ba goro, ba burushi a wurin, har aka cire zare. Yau saiwar ta rufu kusan duka, naman ya yi kauri, ruwan sanyi ba ya damuna a nan.

Wahalar ita ce zirga-zirga. Sau 7 na je Kano, biyu daga ciki ana tsakiyar noman damina, kuma sau ɗaya na wuni a benci aka ce in dawo don ba wuta. Kuɗin mota da na aiki sun cinye akuyar har da buhun gero.

Yanzu burushi mai laushi nake amfani da shi safe da dare, da ɗan ƙaramin burushin da ke shiga tsakanin haƙora. Aswaki ban bari ba, na dai daina dirzawa da ƙarfi, ina tauna kansa ya yi laushi tukuna. Na gaban ƙasa suna nan da tsawonsu da gibinsu, ɗaya yana ɗan motsi har yanzu. An ba ni ranar komawa awo bayan wata uku, ta faɗo daidai lokacin yankan gero, na riga na roƙi ƙanena ya tsaya mini a gona ranar.