Kafe a motar kwana: injin lantarki ko butar Italiya bisa gaz?

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena da ya yi tambaya shekaranjiya, ga amsarka. Ga waɗanda ba su gani ba: ya gyara Hiace ɗinsa, ya cire kujerun baya ya kafa gado, ya sa batir na biyu mai amfiya 100, da fanon sola a rufi, da ƙaramin firji. Aiki yana kai shi daga Yamai zuwa Tawa, wani lokaci har Abalak, kuma a motar yake kwana. Mutumin kafe ne, Nescafé kuwa ta gundure shi. Tambayarsa: ya sayi injin kafe na lantarki ya jona a batir, ko ya sayi butar nan ta Italiya, moka, da ake ɗorawa bisa wuta?

Sana'ata wutar mota ce nan Tawa, saboda haka ta gefen wuta zan fara, don a nan ne maganar take yankewa. Ɗanɗano sai daga baya.

Injin kafe na gida, irin mai ɗigo cikin tulun gilashi, yana cin wat 800 zuwa 1000. Mai ƴan kwanson nan da ake rufe garin kafe a ciki, irin na Nespresso, ya fi haka, yakan kai 1200 har 1500 lokacin da yake ɗumama ruwa. A bango, da wutar NIGELEC mai bolt 220, wannan ba kome ba ne. A motarka kuwa bolt 12 gare ka. Wat 1000 a bolt 12, haɗe da abin da inbata, na'urar da ke mai da wutar batir irin ta bango, ke ɓatarwa wajen juya wutar, ya kusa amfiya 95 da ake zuƙa daga batir lokaci guda. Injin ya yi minti bakwai yana aiki, amfiya 11 sun tafi. Za ka ce ai 100 gare ni. A'a ƙanena, in batirin dalma ne, na ruwa ko na jel, rabi ne naka. Duk wanda ya saba sauke shi ƙasa da rabi, ba zai daɗe ba zai zo wurinmu neman sabo. Ke nan tulun kafe ɗaya ya cinye kashi ɗaya cikin biyar na abin da kake da shi.

Kuma waccan 100 da aka rubuta a jiki, an auna ta ne da ja a hankali, amfiya 5 na tsawon awa 20. In ka fizgi 95 gaba ɗaya, batirin dalma ba ya bayar da abin da aka rubuta. Ƙarfinsa zai faɗi nan take, inbata ta fara kuka, ta yanke, ruwa bai gama ɗiga ba. An ɗora wa jaki kayan raƙumi ke nan.

Sai maganar lokaci, wadda masu sayar da sola ba sa faɗi. Yaushe kake son kafe? Bayan asuba, kafin ka kama hanya. To wannan ne daidai lokacin da batir ya fi yunwa: firji ya kwana yana ci, fanka ta kwana tana juyawa, waya tana caji, rana ba ta fito ba. Fano mai wat 200 yakan ba da wajen amfiya 10 da tsakar rana in fuskarsa a goge take, amma da ƙarfe shida na safe babu abin da yake bayarwa. A watan Afrilu da Mayu, da zafin Adar ke wuce 40, firjin ba ya hutawa sosai ko da dare. Sai ka zaɓa tsakanin kafe da ruwan sanyi.

Kada kuma a manta da kuɗin da ke ɓoye. Amfiya kusan 100 ba ta bin siririyar waya. Sai mai kauri, murabba'in milimita 25 ko 35, gajera, da fis mai ƙarfi kusa da kan batir. Inbatar ma sai mai wat 1500 zuwa sama, kuma injin kwanso da yake da ƙwaƙwalwa a ciki ba ya shiri da inbata mai araha, sai mai wuta tsabtatacciya irin ta bango. Kafin ka sha kofi na farko ka kashe ninkin kuɗin injin. Wayar da ta yi ƙanƙanta kuwa zafi take yi a ƙarƙashin gado, inda ba ka gani, kusa da katifa.

Wani zai ce a sayi ƙaramar butar da ake sokawa a ramin kunna taba. Wannan rami fis ɗinsa amfiya 10 ne ko 15, wato wat 120 zuwa 180. Rabin lita sai ya ci minti ashirin da wani abu kafin ya tafasa, kan filogin kuma yana ta ɗaukar zafi. Don jiƙa Nescafé kana cikin tuƙi, injin mota na tafiya, ba laifi. Ban da wannan ba ta da amfani.

In yi wa lantarki adalci: ba shi da harshen wuta, iska ba ta dame shi, kana iya yin kafenka ƙofa a rufe lokacin da ƙura ta taso. Wanda ke da batirin litiyom mai amfiya 200 da inbata ta kirki, lissafinsa daban ne, don litiyom yana jure jan wuta mai yawa kuma ana iya cin kusan dukansa. Haka wanda kullum yake kwana a gidan ƴan'uwa ko masauki yana jan waya daga bango. Kai ba ka cikin waɗannan biyun.

Yanzu ga gaz. Tukunyar kilo 6 da kowa ya sani, mai murhu a ka. Kilo ɗaya na gaz yana ɗauke da zafin da ya kusa kilowat-awa 13. Kilo 6 ke nan ya wuce 70. Batirinka in ya cika fal, kilowat-awa 1.2 ne, rabi kuma aka yarda ka taɓa. Ko a ce iska ta kwashe rabin zafin gaz ɗin, tukunya ɗaya ta fi cikin batir irin naka talatin. Tafasa ruwan buta guda bai fi giram goma na gaz ba. Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011 gaz ya shiga gidaje sosai, ana musayar tukunya a Doso, a Ƙonni, a Tawa. Wani lokaci yana yankewa a gari, gaskiya ne, amma mai kafe da ɗan ɗumame ba zai ƙarar da kilo 6 a tafiya guda ba. Cika ta kafin ka bar Yamai.

Ita butar, kamfanin Bialetti ne ya fito da ita a Italiya a 1933, ta alminiyom mai kusurwa takwas. Hawa uku ce: ruwa a ƙasa, garin kafe a mazurari a tsakiya, sama kuma inda kafen ke taruwa. Zafi na matsa ruwa ya bi ta cikin garin ya hau. Matsin bai wuce bar ɗaya da rabi zuwa biyu ba, alhali injin espresso na gaske bar 9 yake yi, don haka kar ka sa ran kumfa mai kauri. Amma ƙarfi akwai shi. Kafenta ya fi na injin ɗigo kauri nesa ba kusa ba, kuma in ka ƙara ruwan zafi da madara ya ishi mutum biyu su karya da burodi. Babu gilashi a jikinta, babu waya. Ramukan hanyar Abalak sun yi ta jijjiga ta, iyaka ta lotsa.

Tana da nata halin. Na ɗaya, murhun kan tukunyar kilo 6 an yi shi ne don tukunyar tuwo, bakinsa faɗi ne, gindin butar kuwa ƙarami. Ba za ta zauna ba. Je wurin mai walda ya gicciya maka ƴan ƙarafa biyu, ko ya yanko maka ragar ƙarfe ka ɗora. Na biyu, wuta kaɗan take so, kada harshen ya wuce gindi, in ba haka ba hannun roba ya narke, kafen ya yi ɗacin ƙuna. Wuta kaɗan kuwa ita iskar hunturu ke kashewa. Tsaya da motar ta tare maka gabas, ko ka kewaye murhun da guntun kwano, amma murhun kawai, kada ka rufe jikin tukunyar gaz ta ɗau zafi.

Ruwa kada ya wuce ƴar ƙusar nan ta tagulla da ke gefe. Ita ce ke sakin tururi in wani wuri ya toshe. Cika mazurari da gari, share bakin da yatsa, kada ka danna. Da ka ji ta fara kurɓe-kurɓe, sauke ta, ta gama. Kuma ba ta san rabi ba: mai kofi 6 sai ka yi na 6. Kofin da suke nufi ƙarami ne, kamar finjalin shayi, duka shida ba su kai sulusin lita ba. In kai kaɗai ne, mai 3 ta ishe ka. Amma a ƙasar nan wa ya taɓa kunna wuta a bakin hanya ya sha shi kaɗai? Mai gadi zai zo, yaron mota na kusa zai zo. Sayi mai 6. Zagaye na biyu sai ta huce kafin ka iya kwance ta, ko ka zuba wa gindin ruwa.

Akwai abin da waɗanda ke rubutu daga Turai ba sa lissafawa, mu kuwa dole: ruwan wanki. Injin ɗigo yana da tulu, da mariƙin takarda, da tanki da ƙura ke shiga, ga takardar tacewa da sai ka taho da ita daga Yamai. Moka kuwa ka buga mazurari garin ya faɗo dunƙule, ka ɗauraye da rabin kofi, ba sabulu, ka bar ta a buɗe ta bushe. A wannan ma ta ci. Sai dai ruwan wasu rijiyoyi da fanfunan arewa yana da gishiri da farar ƙasa. Yana ɓata ɗanɗano, yana kuma daskarewa a cikin buta har ya toshe ƴar ƙusar. A injin lantarki ya fi muni, don bututunsa siriri ne. Ware jarka ɗaya ta ruwa mai daɗi don kafe kawai, kuma lokaci lokaci ka tafasa ruwa da ɗan lemun tsami a gindin.

Wani a nan ya kawo shawarar mai matsewa, wadda ake zuba gari da ruwan zafi a jira minti huɗu a danna. Kafenta da daɗi. Amma yawancin na kasuwa gilashi ne, tana son gari mai tsakuwa wanda ba a cika samu ba, kuma wanke ta na cin ruwa. Ban ba ka ita ba. In araha kake nema, matacin yadi irin na masu kafe Tuba na Senegal ya fi ta: ɗinki ɗaya wurin tela, a ɗaura a zoben waya. Su suna soya ƙwayar da kimba, wasu su ƙara kanumfari. Ko a moka ka gwada ɗan dakakken kimba, kaɗan ƙwarai.

Garin kafe shi ne raunin tsarin nan duka. Nijar ba ta noma shi, daga Kodebuwa da Togo da Kamaru da Habasha da Turai yake zuwa, kuma manyan kantunan Yamai ne wurin da za ka dogara da su. Kada ka ce sai ka isa Badagishiri ka nema. Fakitin giram 250 zai yi maka buta tara ko goma in mai 6 ce. Zaɓi wanda aka niƙa don moka, ba mai laushin espresso ba. In ka buɗe, juye shi a gwangwani mai murfi, ajiye ƙasa ƙarƙashin gado. Gaban mota a rana tanda ne, cikin kwana kaɗan ƙamshi ya gudu. Irin kafe iri biyu ne: robusta ta Kodebuwa ta ninka arabika wajen sinadarin hana barci, ga ɗaci, saboda haka wanda zai sha da la'asar ya sani.

Nescafé da ka raina, kada ka kore ta daga motar. Ranar da iska ta hana wuta, ko ka makara, mai shayi a tashar Dogon Dutsi zai cika maka filas da ruwan zafi, ƴar leda ɗaya ta fisshe ka. Ƴan ledoji sun fi gwangwani, don da damina gwangwanin da aka buɗe dunƙulewa yake yi.

Abin da ba na wasa da shi: gaz ya fi iska nauyi. In ya yi yoyo a mota ba ya tashi sama, ƙasa yake kwanciya, daidai inda batir da inbata suke. Tukunya ta tsaya a tsaye, a ɗaure da igiya mai ƙarfi, nesa da batir, a rufe ta tamau kafin mota ta motsa, kuma a huda ƙaramar kafa a daɓen motar kusa da ita. Gwada bakin da ruwan sabulu, in ya yi kumfa akwai yoyo. Dafa a waje, nesa da jarkar mai. Ƙananan gwangwanayen gaz na giram 220 da ake sa wa murhun jaka, a jikinsu an rubuta kada su wuce zafi 50, motar da aka rufe a ranar Tawa kuwa tana wuce haka. Gawayi kuma, murhun wayar shayi yana dafa moka lafiya lau, har ya fi gaz jure iska. Amma kada sanyin Janairu ya sa ka shigar da shi mota ka rufe ƙofa. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, barci take sawa, kuma ba kowa ke tashi ba.

Saboda haka da batirin da kake da shi, butar Italiya mai 6 da gaz. Ranar da za ka saya, ka nemi zoben robar da ke tsakanin sama da ƙasa guda biyu na ajiya, don zafi na busar da shi ya fara fesar da ruwa ta gefe, kuma girmansu ya bambanta daga buta zuwa buta. Gwada shi a kantin kafin ka biya.