Sefar Yammacin Afirka: kuɗin tafiya ne, amma canji na ba da wahala

Babban amfanin sefa shi ne ƙasashe 8 ke cin kasuwa da ita: Nijar, Benin, Burkina Faso, Kodibuwa, Mali, Senegal, Togo da Gini Bisau. Ɗan kasuwar da ya taso daga Maraɗi zuwa Kwatano ba ruwansa da ɗan canji a kan iyaka. Babban bankin waɗannan ƙasashe, BCEAO, mai hedikwata a Dakar ne ke fitar da ita, kuma tun 1999 an ɗaure ta da yuro, sefa 655.957 kan yuro ɗaya, shi ya sa mai sayo kaya daga Turai ke iya lissafinsa hankali kwance.

Takardun guda biyar ne: 500, 1,000, 2,000, 5,000 da 10,000. An yi dabara wajen launi, don ko wanda bai yi boko ba ba zai rikita su ba: jika ɗaya ja-ja ce mai hoton raƙuma, jika biyu shuɗiya mai kifi, jika biyar koriya. Harafin da ke jikin lambar takarda yana nuna ƙasar da aka fitar da ita, H Nijar, K Senegal, A Kodibuwa, amma duk darajarsu ɗaya. Kafin ka karɓi babbar takarda, ɗaga ta sama ka duba hoton ɓoye da zaren tsaro da ke cikinta.

Inda sefa ta gaza shi ne ƙananan kuɗi. Takardar 500, wadda aka shigo da ita a 2012, da ta jika ɗaya su suka fi yawo hannu zuwa hannu, sai su yi laushi, su yage, mai shago ya ƙi karɓa. Kwabban 25, 50 da 100 kullum ba sa wadata. Ka miƙa jika goma a ƙaramin ciniki, sai a ce maka babu canji. Kwabon 250 kuwa halastacce ne, amma mutane da yawa na ƙin sa ba gaira ba dalili. Takardar da ta lalace kada a yar da ita, ana musanya ta a rassan BCEAO.

Matafiyi ya kula: sefar Kamaru da Chadi ta BEAC ce, babban bankin ƙasashen Afirka ta Tsakiya. Darajarsu ɗaya da wannan, amma ba a cin kasuwa da ita a Yamai, sai an canza, kuma ɗan canji zai cire ladansa.