Wane littafi za ka saya kafin ka fara bayyana wa mutane bangaskiyar Katolika?

Duk ɗan Katolikan da ya ƙudurta zai riƙa bayyana wa mutane bangaskiyarsa, da baki ne ko a rubuce, ba zai jima ba za a jefo masa tambayar da karatun katekizim (littafin koyar da bangaskiya) na yarinta ba zai iya ɗauka ba. Me ya sa kuke roƙon Maryamu? Ina aka ce a yi wa matattu addu'a? Don me sai an faɗa wa Fada zunubi? "Haka aka koya mana" ba ta kai mutum ko'ina a irin wannan zama. Ana buƙatar littafin da za a buɗe a ɗora yatsa a ce ga abin da Ikilisiya ta faɗa, ga lambarsa, je ka duba da kanka.

Littafi Mai Tsarki ba ya cikin gasar, dole ne. Sai dai ka duba jerin littattafan da ke gaba kafin ka biya. Na Katolika 73 ne, 46 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabo. In ka ga 66, to babu Tobit, Yudit, Hikima, Sirak, Baruk da Makabiyawa na ɗaya da na biyu. Ranar da aka tambaye ka batun addu'a domin matattu za ka nemi Makabiyawa na biyu sura 12 ka rasa.

A cikin katekizim kuwa, ba zan ɓoye ba, nawa shi ne Taƙaitaccen Katekizim, wanda aka fi sani da Compendium. Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ne ya kafa kwamitin rubuta shi a 2003, ya ɗora Kadinal Ratzinger a kai, sai Allah ya nufa Ratzinger ɗin ne ya ƙaddamar da shi ranar 28 ga Yuni, 2005, bayan ya zama Fafaroma Benedik na 16. Tambaya da amsa ne guda 598. Wannan tsarin shi ne abin da ya saye ni, domin mutane da tambaya suke zuwa maka, ba wanda zai zauna ka karanta masa babi guda. Amsoshin gajeru ne, yawancinsu ba su wuce 'yan layuka ba, kuma kalmomin an auna su awo, ba ƙari ba ragi. Ya bi rukunai huɗun nan da aka sani: shaidar bangaskiya, sakramenti, zaman Kirista bisa Dokoki Goma, sai addu'a, wadda ta ƙare da bayanin Addu'ar Ubangiji roƙo bayan roƙo. A ƙarshensa akwai addu'o'in yau da kullum da jerin abubuwan da ake haddacewa, irin su ayyukan jinƙai da dokokin Ikilisiya, waɗanda kowa ke cewa ya sani har sai an ce ya lissafo su.

Amma babban amfaninsa yana gefen shafi. Kusa da kowace tambaya akwai ƙananan lambobi, su ne ke nuna maka sakin layin da aka faɗaɗa maganar a babban Katekizim. Ka ba mai tambaya gajeriyar amsa, in ya ce bai gamsu ba, lambar ta kai ku inda bayanin yake a cike, da ayoyinsa da maganganun iyayen Ikilisiya na farko.

Shi babban Katekizim na Ikilisiyar Katolika shi ne uwa. An ƙaddamar da shi ranar 11 ga Oktoba, 1992, shekara 30 cif da buɗe Majalisar Batikan ta Biyu (babban taron bishop-bishop na Katolika na duniya), yana da sakin layi 2865. Ka saye shi na biyu, domin littafin bincike ne, mai fara koyo in ya tunkare shi daga shafin farko yakan gaji kafin ya ƙare sashen bangaskiya. YOUCAT, mai rawayan bangon nan na 2011 da tambayoyi 527, yana da kyau a kyautar da shi ga matashi, amma zane-zanensa da maganganun gefe sun fi jan ido fiye da kafa hujja. Katekizim na Baltimore kuwa na 1885 ne, a bar wa masu sha'awar tarihi.

Maganar shekarar bugu ba ƙaramar magana ba ce. Babban Katekizim da Faransanci ya fara fitowa, sai a 1997 aka fitar da na Latin wanda shi ne ma'auni, aka kuma yi gyare-gyare. Sannan a 2018 Fafaroma Faransis ya sauya sakin layi na 2267, inda yanzu Ikilisiya ke koyar da cewa hukuncin kisa ba abin amincewa ba ne. Buɗe wannan lambar tun kana gaban mai sayarwa, nan take za ka san tsohon bugu ne ko sabo. Shi ma Taƙaitaccen ya riga wannan gyara fitowa, sai ka rubuta shi da biro a gefe. Haka tsofaffin littattafan addu'a: wasu har yanzu suna cewa azumin karɓar Jibin Ubangiji daga tsakar dare yake, alhali tun 1964 awa ɗaya ne, wasu kuma asiran Rosari 15 suke da su, babu asiran haske guda 5 da aka ƙara a 2002.

Sai jabu, kuma a nan ne raina ke ɓaci. An taɓa sayar mini da Taƙaitaccen a lulluɓe cikin leda, bango sumul, mai sayarwa ya ce ba a buɗewa sai an biya. Da na kwance shi, ashe hoton shafukan na asali aka ɗauka aka sake bugawa a takarda mai shara-shara, rubutun baya yana leƙowa gaba. Wurin yankan gefe kuma wuƙar ta cinye lambobin nan, inda ya kamata a ga lamba huɗu sai a ga biyu, wani wurin ma babu ko ɗaya. Abin da na saya littafin dominsa shi aka datse. Tun daga nan ba na cinikin biri a sama. A buɗe, in duba gefen shafi, in bi lambobin shafuka a tsakiya ko an tsallake wasu ko an maimaita, in tanƙwara shi kaɗan in ga ko takardun za su fara zubowa daga gam. Wanda ya hana ka buɗewa, mayar masa da kayansa.

Jabun da ya fi wannan haɗari shi ne na abin da ke ciki. Juya bayan shafin suna ka nemi Nihil obstat da Imprimatur, kalmomin Latin masu nuna Ikilisiya ta ba da izinin bugawa, tare da sunan bishop ɗin da ya ba da izini, da dayosis ɗinsa, wato yankin da yake shugabanta, da kwanan wata. Wannan ba ya nufin bishop ya yarda da kowane ra'ayin marubuci, shaida ce kawai cewa an duba ba a sami abin da ya saɓa wa bangaskiya ko ɗabi'a ba. Masu wayo sun gano ana neman kalmar, sai su buga ta tsirara ba suna ba gari. Wannan ba izini ba ne, ado ne.

Ka yi hattara musamman da 'yan ƙananan littattafan nan na saƙonni daga sama, masu faɗin ranar da duniya za ta tashi, ko masu alkawarin cewa in ka karanta addu'a kaza sau kaza ka raba wa mutum kaza buƙatarka ba za ta faɗi ba, in ka ƙi kuma masifa na tafe. Hoton Budurwa Maryamu a bango ba ya mayar da littafi na Katolika. Sakin layi na 67 na babban Katekizim ya fayyace cewa ko wahayin da Ikilisiya ta amince da shi ba ya cikin ajiyar bangaskiya, balle wanda ba wanda ya bincika. Na 2111 kuma ya kira dogaro ga furta kalmomi kawai, ba tare da zuciya ba, da sunansa na gaskiya: camfi. Haka kundin "maganganun tsarkaka" da na Fafaroma da ba su nuna wace wasiƙa ko wace huɗuba aka ciro maganar ba. In ka ɗauko irin wannan ka faɗa wa jama'a, wani ya bincika ya ga ƙirƙira ce, ba mai littafin za a tuhuma ba, kai za a tuhuma, kuma sauran gaskiyar da ka faɗa ma za a fara yi mata kallon shakka. In littafi ya shige maka duhu, kai wa Fada ko katekis ya duba shi tun kafin ka cire kuɗi.