Jirgin yaƙin sararin samaniya da na sayo wa yarona: ƙwallo ɗaya ya ɓata mana rai

Tun da yarona ya ga jirgin nan na fim ɗin Star Wars a wayar ƙanina bai bar ni na sha ruwa ba. Star Destroyer ake kiransa, mai siffar bakin mashi, wanda a labarin tsawonsa ya kai mita 1,600, yana ɗauke da ƙananan jiragen yaƙi 72. Na yi odar irin na roba da ake harhaɗawa, na je tashar mota nan Gusau na karɓo.

Da farko wallahi na ji daɗin kuɗina. Yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya ya yi dare huɗu a kan tabarma bayan sallar isha'i, ya baje ƙananan robobin a faranti, ina haska masa fitilar waya. Robar tana kama juna tsam, injina ukun nan na baya sun fito sak.

Sai da muka zo kan hasumiyar da kwamanda ke zama. Duk wanda ya san jirgin ya san ƙwallo biyu ne a samanta, dama da hagu, da su ake gane shi tun daga nesa. Ɗaya muka samu a leda. Muka kakkaɓe tabarma, mahaifiyarsa ta share ɗakin sau biyu, har ƙarƙashin gado na leƙa. Yaron ya ɗago ido cike da ƙwalla ya ce, "Baba, ko ni na ɓatar?" Ba shi ba ne, a gabana aka buɗe ledar.

Na kira mai kayan, ya ce, "Alhaji, haka ya zo, ka yi haƙuri." Shi ke nan fa. Daga nan bai sake ɗaga wayata ba. Sai ma na tuna a hoton tallarsa injinan suna kawo wuta shuɗiya, namu ko wurin sa batir babu.

Ƙarshe murfin kwalbar turaren mahaifiyarsa muka liƙa a gurbin, ya ɗan fi ɗayan girma. Jirgin yana kan kabad, yaron na goge masa ƙura kullum da safe. Ni dai ba zan ƙara sayen komai a hannun mutumin nan ba, kuma duk mai saye ya ƙirga robobin kafin ya tura cikon kuɗi.